Ranar da Na Bar Sandata a Gida

Sau biyu gwamnatin Amurka ta hana ni kuɗin nakasa. Na daɗe ina gaya wa mutane zalunci aka yi mini. Ba zalunci ba ne, duka biyun ni na jawo.

Shekara goma sha tara na yi ina dakon kaya a siton wani kamfanin abinci a Bronx. Shinkafa, sukari, garwar mai. Kafin nan ma dako na yi a Kano. Ban yi boko ba, da bayana na ci abinci. Aikin siton na kan takarda ne, kowane sati ana cire mini haraji, shi ya sa da bayan ya ƙare aka ce ina da haƙƙi a wurin gwamnati.

Ba faɗuwa na yi ba. Bayan ne ya ci a hankali, har wata safiya na sunkuya zan ɗaura takalmi na kasa miƙewa. Aka yi mini aiki a gadon baya. Na fito asibiti da ƙarfe a jiki da sanda a hannu, ƙafar hagu tana bina kamar ta aro. Akwai kuma wani abu da ya biyo bayan aikin, wanda matata kaɗai na yarda ta sani. Fitsari ba ya jirana. Wani lokaci sai na ji ɗumi kafin in san ya zo.

Muna hawa na huɗu a unguwar Mount Hope, gidan ba lifta. Matata aikin hom kiya take yi, wato kula da tsofaffi a gidajensu. Da gida ɗaya take zuwa. Da na kwanta sai ta ƙara na biyu. Da safe ta ɗaga wata tsohuwa a Grand Concourse ta yi mata wanka, da rana ta hau jirgin ƙasa ta je ta ɗaga wani tsoho, da yamma ta dawo ta ɗaga ni. Ta haura shekara hamsin. Idan aka ba ni kuɗin nakasa za ta ajiye gida na biyun. Abin da muke nema ke nan, ba wani abu ba.

Takardun neman suka zo da yawa. 'Yata ta fari ce ta cika, ita ce mai Turanci a gidan, tana karatun nas. A wurinmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a sake masa fuska, shi ma ba ya sakewa. A nan aka haife ta, amma haka muka tashe ta. Tsakanina da ita gaisuwa ce da aike.

Ranar wata Lahadi bayan azahar muka zauna a teburin kicin. Tana karantawa, tana juya mini da Hausarta mai gargada.

"Baba, sun ce kana iya wanka da kanka?"

"Ina yi."

"Sa kaya fa? Wando, safa, takalmi?"

"Ina sawa."

Uwarta tana tsaye tana wanke shinkafa. Na ga hannunta ya tsaya a cikin ruwan. Ba ta juyo ba.

Yarinyar ta dubi takardar. Can ta ce, da sauri kamar mai haɗiye magani, "Banɗaki fa?"

"Lafiya lau. Wuce gaba."

"Nauyin da za ka iya ɗagawa?"

"Ni da nake ɗaukar buhu biyu a kafaɗa? Rubuta buhu ɗaya."

"Baba, na yanzu suke tambaya, ba na da ba."

"Na ce ki rubuta."

Ta rubuta. Da aka zo kan yadda nake wuni, na ce ina zuwa masallaci, ina yin cefane. A lokacin wata huɗu rabona da masallaci, don ba na so a gan ni ina salla a kan kujera.

Ba yaudarar gwamnati na yi niyya ba. Mai yaudara ƙara ciwo yake yi, ni ragewa na yi. Ina zaune gaban 'yar da na haifa, tana riƙe da biro, ana so in ce mata uwarta ce ke sa mini wando. Bakina bai iya ba.

Bayan kamar wata biyu aka ce in je likitansu ya duba ni. A garinmu ba a zuwa gaban hukuma a wulaƙance. Na sa matata ta goge mini farar shaddar Sallah. Na karya hula. Na fesa turare da yawa saboda ina tsoron wari. Na sha ƙwayar ciwo biyu a maimakon ɗaya. Na ƙi shan ruwa tun asuba, na kuma ƙi sa famfas ɗin da nake sawa in zan fita, kada likita ya ɗaga riga ya gani. A bakin ƙofa na dubi sandar. Ta asibiti ce, ta ƙarfe, mai ƙafa huɗu irin ta tsofaffi. Ba ta dace da shaddar ba. Na jingine ta a bayan ƙofa.

"Malam, sandar fa?" in ji matata, tana sa takalmin aiki.

"Mota zan hau. Ba nisa."

Ta dube ni, ta dubi agogo, ta fita. Tsohuwarta tana jira.

Likitan bai yi minti goma sha biyar da ni ba. Tafinta yana cikin waya. Tambayar farko, yaya jikin. Na ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Haka ake amsawa. Na ga mutum yana gargara a asibiti a Kano, aka ce masa yaya jiki, ya ce da sauƙi. Zama gaban baƙo kana lissafa ciwonka, a yadda aka tashe ni, kamar kai ƙarar Ubangiji ne.

Ya ce in yi tafiya zuwa bango in dawo. Na yi, na miƙe baya kamar soja. Ya ce in hau gado. Nas ɗin ta miƙo hannu za ta taimake ni, na ce mata na gode, na hau da kaina. Ya ce in tsuguna iya yadda zan iya. Na tsuguna har ƙasa. Idona ya yi duhu, na ji kamar an soka mini wuƙa daga ƙugu zuwa diddige. Na miƙe ina murmushi. Ya gyaɗa kai ya ce da kyau, wannan kam na ji ba sai da tafinta ba.

Abin da ya fi ba ni kunya har yau shi ne na fito ina jin daɗi. Ji na yi na ci jarrabawa.

Kafin in iso gida ƙwayar ta sake ni. Matakalar da zama na hau ta, ɗaya bayan ɗaya, ina jan jiki da baya. A hawa na uku abin da nake tsoro ya faru, a cikin farar shadda. Allah ya rufa asiri ba wanda ya fito. Kwana uku ban sauko daga gado ba.

Wasiƙar farko ta ce ciwona bai kai ya hana ni aiki ba. Na yi faɗa, na ce ba sa son baƙar fata, ba sa son baƙi. Aka ce ana iya neman a sake dubawa. Muka sake zama a teburin nan ni da yarinyar.

"Baba, sun ce akwai abin da ya canja, ko abin da kake so ka ƙara?"

"Babu. Ai suna da takardun asibiti."

Bayan watanni wasiƙa ta biyu ta zo. Irin ta farkon ce.

Ina da aboki Badamagare, yana da teburin huluna da safar hannu da turare a Tremont. Mu Kanawa da su akwai wasa, ba abin da ba ya gaya mini. Ranar nan ina dawowa daga gashin ƙashi na tsaya wurinsa in huta. Ya tura mini kujerarsa.

"Bakano, yaya dosiyenka, takardun nakasar nan?"

"Sun sake hanawa. Mutanen nan ba sa son mu."

"Ƙanen matata sun ba shi, shi ma ba Bature ba ne. Me ka ce wa likitansu?"

Na ba shi labari. Ina zuwa kan shadda ya fara dariya. Da na zo kan sanda sai da ya riƙe tebur, wata mata da ke zaɓen hula ta ja da baya.

"Shadda! Har da turare! Kai neman aure ka je ko neman kuɗin guragu? Wallahi Bakano ko a makara aka sa shi sai ya ce a gyara masa hula."

"Ku da roƙo aka san ku, shi ya sa kuka iya."

"Eh, mun iya. Mu in muna jin yunwa cewa muke muna jin yunwa. Kai ka je ka ce musu ka ƙoshi, yanzu kana zagin su don ba su zuba maka ba."

Ya laluba aljihu ya fito da wani kati da ya yi laushi.

"Lauya ce. Ita ta yi wa surukin nawa. Ba ta karɓar komai sai an ci. Amma in da alhamdu lillahi za ka je mata, bar mini katina."

Muka je ni da matata. Lauyar dattijuwa ce, ba ta da yawan murmushi. Ta nemo duk abin da aka rubuta a kaina, ta kira tafinta a waya, ta karanta mini rahoton likitan gwamnati layi bayan layi. Ya shigo ba sanda. Yana da tsafta, yana fara'a. Ya hau gado ba taimako. Ya tsuguna har ƙasa ya miƙe. Ya ce yana samun sauƙi. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Mutumin abin da na nuna masa ya rubuta.

Sannan ta ɗauko takardun likitan da ya yi mini aiki. A ciki akwai komai, har maganar fitsarin. Ta ajiye su gefe da gefe.

"Likitanka ya rubuta gaskiya, kai kuma ka ƙaryata shi da bakinka. Yanzu gaban alƙali za mu je. Yana da labari biyu a hannunsa. Zai tambaye ka wanne ne naka."

"Ba za ki iya faɗa masa ke ba?"

"Zan yi nawa. Amma ba ni ce mara lafiyar ba. Me ya sa ka ce kana iya komai?"

Na ce 'yata ce ta cika takardar. Ta jira in ci gaba. Ba ta gane ba. Matata ta gane, ta sunkuyar da kai.

Jiran ranar alƙali ya kusa shekara. A cikin wannan shekarar hannun matata na dama ya fara ciwo. Ta sayo abin ɗaure wuyan hannu a kemis, tana cire shi kafin ta shiga gidan aiki don kada a ce ba za ta iya ba. Ni kuma ina ta saƙa a raina yadda zan yi in kauce wa maganar nan a gaban alƙali. Na ce zan yi maganar baya da ƙafa, ɗayar in bar ta.

Wata yamma bayan ta dawo aiki ta yi mini wanka. Ta zo ɗaga ni daga bakin baho, hannun ya ƙi. Muka zame tare. Na zauna a ƙasa, ita ma ta zauna a ƙasa, banɗakin ko miƙe ƙafa ba ka yi. Ta riƙe hannun a ƙirjinta. Ba ta yi kuka ba.

"Malam, shekara ashirin da shida ban taɓa ɗaga maka murya ba."

"Kada ki fara yau."

"Yau zan fara. Kai kana kunyar yarinya, ni ina ɗaga mutum uku kowace rana. Wa kake ɓoye wa? Wa kake tsammani ke kai wanki ranar Asabar? Zannuwan gadon nan wa ke zuba su a inji? Famfas ɗin da ke ƙarƙashin gado, ni na iya sayen kaya a waya?"

Na kasa kallon ta. Na ce, "Ta sani?"

"Tun satin da ka fito asibiti. Ranar da ta cika takardar nan ɗaki ta shiga ta yi kuka. Ta ce, Mama, na rubuta ƙarya da hannuna, amma ta yaya zan ce wa Baba ba haka ba ne?"

Ruwa yana ɗiga daga famfo. Mun daɗe a zaune. Daga baya na kama bakin baho, ta sa kafaɗarta ta hagu, muka tashi.

Ashe ni ina kunyarta, ita tana kunyata, uwarta ce ke ɗaukar nauyin kunyar tamu duka.

Ranar alƙali lauya ta ce kada in yi ado, kada kuma in yi shigar tausayi, in sa abin da nake sawa kullum. Na sa wandon roba da jaket. Na sa famfas. Na ɗauki sandata. Yarinyar ce ta raka ni, don uwarta ba ta samu hutu ba. A bakin ɗakin na ce ta jira a waje. Na san ta sani, amma in faɗa tana ji, wannan kam ban iya ba. Ta zauna a kan benci ta karɓi jaket ɗina.

Ɗakin ƙarami ne, ba irin kotun da nake zato ba. Alƙali yana can gaba da kwamfuta. Tafinta ta cikin lasifika yake magana, namiji, Hausarsa irin ta 'yan Zangon Gana. Na yi ta sauraren muryar ko na san ta daga masallaci. Ban tabbatar ba, har yau ma ban tabbatar ba.

Kafin a fara ya ce a gwada ko muna jin juna. "Baba, sannu. Yaya jiki?"

"Da sauƙi," na ce, kafin in kama bakina.

Lauya ta juyo ta dube ni. Wannan kalmar kam ta riga ta haddace ta.

Aka rantsar da ni. Alƙali ya yi tambaya kan aikin sito, na amsa. Ya ce minti nawa nake iya tsayawa, na ce goma, da sanda. Ya ce nawa nake iya ɗagawa, na ce butar alwala in ba a cika ta ba. Sannan ya ce in gaya masa yadda safiyata take, tun daga tashi.

Na dubi tebur. Na tuna matata riƙe da hannun nan a ƙirjinta.

Na ce matata ce ke tayar da ni zaune. Ita ke kai ni banɗaki. Ita ke wanke mini daga gwiwa zuwa ƙasa, don ba na kaiwa. Ita ke sa mini wando da safa. Na ce tun da aka yi mini aiki fitsari ba ya jirana, ina sa famfas kamar jariri, yanzu haka ma yana jikina. A sati yakan ɓata mini shimfiɗa sau biyu ko uku.

Can tafintan ya ce a hankali, "Baba, in faɗa haka duka?"

"Faɗa yadda na faɗa."

Ya faɗa. Na ji maganata tana fita da Turanci a cikin ɗakin, wata mata a gefe tana bugawa a na'ura. Ba wanda ya dube ni da wani ido. Su a wurinsu aiki ne kawai.

Alƙali ya ɗaga tsohuwar takardar. Ya ce to me ya sa a nan na ce ina iya komai.

Na ce wadda ta cika 'yata ce ta fari, a wurinmu uba ba ya gaya wa 'yarsa irin wannan.

Ya ce ranar likita fa, ina sandar?

Na ce na bar ta a bayan ƙofa, don kada in zo gaban hukuma kamar mabaraci. Na gaya masa ƙwaya biyun da na sha, da yadda na hau matakala da zama, da abin da ya faru a hawa na uku.

Ya daɗe yana rubutu. Ana cikin haka na ji alamar abin. Da can da na daure na yi shiru. Na ɗaga hannu na ce a ba ni izini, banɗaki zan je yanzu. Aka tsayar da zaman. Na fito ina jan ƙafa, yarinyar ta miƙe daga benci. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta wuce gaba ta riƙe mini ƙofa, ta kau da kai.

Ba a yanke hukunci a ranar. Bayan wata biyu ambulan ya zo, mai kauri, ba irin na baya ba. Matata tana wurin aiki. Na ajiye shi a teburin kicin har yarinyar ta dawo daga makaranta.

Ta buɗe tana tsaye. Ta karanta shafin farko, ta sa hannu a baki.

"Sun yarda, Baba. Sun yarda duka."

Na ce alhamdu lillahi. Ta ci gaba da buɗa shafuka. Na ga inda idonta ya tsaya, ya daɗe a wurin. Alƙalin ya rubuta duk abin da na faɗa, lauya ta riga ta gaya mini haka ake yi.

"Duk wannan takardar magana ɗaya ce?" na ce.

"Sauran bayanin lauyoyi ne, Baba."

Ta ninke ta mayar cikin ambulan. Na san abin da ke ciki, ta san na sani. Na ce Allah ya yi miki albarka. Ta ce amin, ta shiga ɗaki.

A satin nan matata ta kira ofishinsu ta ajiye gida na biyu. Yanzu kafin la'asar tana gida.

Na koma masallaci da sandata, ina salla a kan kujera a ƙarshen sahu. In an ce yaya jiki, da sauƙi nake cewa, wannan ba zan daina ba. Badamagaren in ya hango ni sai ya ɗaga murya ya ce ga angon gwamnati. Shaddar tana nan a cikin leda, ban sake sawa ba.

Hannun matata bai dawo ba. Likita ya ce jijiyar ta riga ta taɓu. Da na faɗi gaskiya ranar Lahadin nan a teburin kicin, da wataƙila ta huta tun shekara biyu kafin haka. Ba ta taɓa gaya mini wannan ba, ni ma ban taɓa ɗauko maganar ba. In ta kasa buɗe kwalba sai ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. In buɗe in mayar mata.